Jita Marar Kai

Ranar Talata

Gimbiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya 'yarmu mai jego da ƙarfin jiki? Yaya kuma wannan sabon angon naki, wanda ko ido bai gama buɗewa ba ya ƙwace min mata? Ki gaya masa ban yafe ba, ina nan zuwa mu yi ta a gaban kowa. Ki gaishe min da uban yaron. Allah ya raya mana shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Kin san halina, da na kara waya a kunne sai bakina ya ƙare a "lafiya lau". Ga shi duk sanda na kira, ko jariri na kuka ko ruwa na tafasa. Maganar da ke cina kuwa ba ta tsaye ba ce, sai an zauna.

Gida lafiya. Ina ba shukokinki na baranda ruwa, ko da yake ta kusa da ƙofa ta sunkuyar da kai, ban san abin da na yi mata ba.

Kafaɗar nan ce da kike shafa min man zafi. Ranar Lahadi da la'asar muna kiɗa a otal, ɗakin cin abinci ya cika, muna tsakiyar waƙa sai yatsu biyu na hannun haguna suka mutu. Ina ganinsu a kan tsirkiya, ina ce musu su danna, sun ƙi, kamar yatsun wani aka ara min. Mai Fiyano ne ya lura, ya rufa min asiri ya cike gurbin da nasa kiɗan. Madugu kuwa ya juyo daga gaban dandamali ya yi min kallon nan nasa na shugaban ƙungiya, wanda ke nufin za mu haɗu in an tashi.

Washegari na je wurin likitan ƙashi. Aka ɗauki hoto, ya ce wata jijiya ce a gindin wuya ake dannewa. Da ya ji sana'ata sai ya ce in je in kawo masa jitar ya gani. Na koma gida na ɗauko jitar tawa, Tsohuwa. Gimbiya, da hannu ɗaya ya ɗaga ta, da hannu biyu ya ajiye. Bai yi dariya ba. Ya ce in na ci gaba da rataya wannan a kafaɗa ina doguwar tsayuwa da ita, wata rana yatsun za su tafi ba za su dawo ba. Na ce masa ai jitar surukina ce marigayi, shi ya koya min kiɗa, ita ya fara ba ni kafin ya ba ni 'yarsa. Ya ce Allah ya ji ƙansa, amma jijiya ba ta san surukuta ba.

Na tambayi Madugu ko zan riƙa kiɗa a zaune. Ya ce mai jita a zaune sai ka ce mai jiran layin allura, wa zai tashi rawa in mu kanmu mun zauna.

To shi ne Mai Ganga ya ja ni shagon kayan kiɗa na bayan tashar bas, ya ce akwai abin da zan gani. Mai shagon ya shiga ciki ya fito da wata siririyar jaka, na ɗauka laima ce a ciki. Ya zuge ta ya zaro jita. Jitar lantarki ce, da tsirkiyoyinta shida da komai, amma ba ta da kai. Wuyan ya tafi ya tafi, daidai inda ya kamata kai ya fito da kunnuwan nan da ake murɗawa a saita sauti, sai kawai ya ƙare, kamar an sa zarto. Na ce masa Allah ya mayar da alheri, a mota ta karye? Shi da Mai Ganga suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai haka aka ƙera ta. Kunnuwan suna can ƙasa a gindinta, 'yan ƙanana kamar murfin kwalbar turare.

Ya rataya min ita. Wallahi sai da na sunkuya na duba in tabbatar tana jikina. Na ɗan taɓa, ta amsa, sauti sosai ba na wasan yara ba. Amma da na hango kaina a gilashin shagon sai na ga wani ƙaton mutum mai furfura riƙe da muciya. Na rasa ko murna zan yi ko kunya zan ji.

Mai shagon ya ce in tafi da ita in gwada, in ta yi min sai mu yi magana. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, sai ganina na yi a titi da jakar a hannu. Yanzu haka tana kan tebur tana kallona, ko da yake ban san da me take kallon ba.

Ki rubuto min abin da kika gani, ke ce mai gani in nawa idon ya rufe. Ki kula min da kanki, ki riƙa samun barci ko yaya ne.

Mijinki,
Dogo


Ranar Asabar

Gimbiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aikin reno, yaya rashin barci? Ina fata mai jego tana cin abinci sosai, angon naki kuma ya rage rigima. Amsarki ba ta iso ba tukuna, amma na kasa jira, don kaina ya ƙara kullewa.

Kafin komai, in wani labari ya riske ki daga nan kada hankalinki ya tashi. Shekaranjiya na fito baranda ina gwada sabuwar jitar, maƙwabciyarmu Mai Ɗinki tana shanya, ta hango ta, ta dafe ƙirji. Na yi mata bayani, ta gyaɗa kai irin na wadda ba ta yarda ba. Kafin la'asar labari ya zaga benen nan kaf, wai faɗa muka yi, kin karya min jita kin kwashe kayanki, zancen haihuwa rufin asiri ne. Tsohon nan na ƙasa har ya tare ni a matakala yana ba ni baki, wai zaman aure ɗan haƙuri ne. Na ɗauko Tsohuwa na nuna musu lafiyarta ƙalau. Yanzu cewa suke dama biyu gare ni, ɗaya kika karya.

Bari in faɗi alherinta don kada in ci amanarta. Jiya tun bayan azahar nake tsaye da ita har rana ta yi sanyi, kafaɗata ko gezau, yatsuna suna nan da ransu. In na sake ta wuyanta ba ya rinjaya ƙasa, inda na bar ta nan take tsayawa. Saitinta ba ya gocewa, alhali kin san Tsohuwa ko kallonta aka yi da ƙarfi sai an sake murɗa mata kunne. Na shiga bas da ita na ɗora a cinya kamar jakar makaranta, ba wanda ya yi tsaki, ban tsokane wa kowa ido ba.

To amma fa. Na je rataye ta a ƙugiyar bango, na sake ta, Allah ya sa hannuna na kusa, don ba abin da ƙugiyar za ta kama. 'Yar na'urar saitin da nake maƙalawa a kan jita, na yi ta juya ta a hannu, ba wurin maƙalawa. In ina kiɗa na gangara ƙarshen wuya da sauri, hannuna ya saba kai ne ke tare shi, yanzu sai ya wuce fit ya faɗa iska. In kuma na ji kamar tsirkiya ta ɗan sauka, sai hannun ya miƙa da kansa yana murɗa abin da babu. Mai Ganga ya gan ni ina haka a wurin gwaji, ya tambaye ni ko sauro nake kamawa. Sabo turken wawa. Tsirkiyoyinta ma ba irin na ko'ina ba ne, mai shagon ya ce sai an yi oda. In ɗaya ta tsinke ranar aiki ban san inda zan nufa ba.

Sautin kuwa na rasa gane kansa. Mai Fiyano ya ce ya fi na Tsohuwa tsabta. Zabiyarmu ta ce siriri ne, ba shi da ƙiba. Mai Ganga ya ce iri ɗaya ne sak, da ido muke ji ba da kunne ba. Na kawo su biyun, na sa kowa ya juya baya, na kaɗa ɗaya bayan ɗaya. Zabiya ta zaɓi wadda ta kushe, Mai Fiyano ya kushe wadda ya yaba. Ni kaina in na rufe ido daɗi take min, in na buɗe sai in ji kamar na fito unguwa ba hula.

Muna cikin haka Madugu ya shigo. Ya daɗe tsaye yana kallon abin da ke rataye a wuyana. Na maimaita masa maganar likita. Ya ce shi ba zai hau dandamali da guntun katako ba, baƙi su ce ƙungiyar ta talauce har ba ma iya gyaran kayanmu. Na ce to in zauna, ya ce a'a. Na ce to in bar aikin, ya ce wa ya ce haka. Ya juya ya fita ya bar ni baki buɗe. Ba zama, ba sabuwa, ba tafiya. Ke da kika san shi tun muna zuwa gidanku tare muna koyon kiɗa a wurin Baba, ki fassara min mutumin nan.

Ga babbar kuma. Na koma wurin mai shago na gaya masa gaskiya, ƙarfina bai kai sayenta ba, balle yanzu da hidimar haihuwa. Ya ce shi ba kuɗi yake so ba, musanya yake so. In kawo masa Tsohuwa in riƙe wannan. Wai irinta ta yi wuya yanzu, akwai masu nema. Ya rantse ni ne da riba, Mai Ganga ya rantse mai shagon ne da riba, ni kuwa ban san da wane mudu ake auna irin wannan ba.

Gaba kura baya siyaki. In na riƙe Tsohuwa na rasa yatsu, da me zan kaɗa ta? In na bayar da ita, da wane ido zan kalle ki, da wane ido zan kalli Inna? A ɗakinku kika tashi kika gan ta, ba ni kaɗai ne mai ita ba.

Ki ce wani abu, don Allah.

Naki har kullum,
Dogo


Ranar Litinin

Gimbiyata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, takardarki ta iso. Na ji daɗin jin cibiyar yaro ta warke, kuma yana murmushi cikin barci. Wannan da ni ya yi kama, ko ba ki faɗa ba.

Na karanta labarinsa har ƙarshen shafi, sai a can ƙasa na tsinci nawa rabon, layi ɗaya tak: kafaɗa tawa ce, jita tawa ce, duk abin da na yanke daidai ne. Gimbiya, na karanta shi da muryarki ta safe, ya zama izini. Na karanta shi da muryar da kike yi in na manta sayen gas, ya zama gargaɗi. Shi ya sa na kira ki, kika ce abin da kika rubuta shi kike nufi, yaro ya tsanyare, waya ta katse. Ina nan inda kika bar ni.

Bari ki ji abin da ya faru jiya. An ɗauke mu kiɗa a babban zauren otal, taron sallamar wata shugabar makaranta da ta ajiye aiki. Zaure ya cika da malamai da tsofaffin ɗalibanta. Na tafi da jita biyu. Tsohuwa a fili saboda Madugu, sabuwar a jakarta na cusa bayan lasifika.

Da Tsohuwa na fara. Ba mu yi nisa ba na ji kamar tururuwa na bin hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, sai kuma shiru. Wannan karon ba biyu ba ne, hannun ne gaba ɗaya. Ga mutane sun fara tasowa, ga shugabar an riƙo hannunta ana jawo ta fili. Na kalli Mai Ganga, ya gane. Ya karɓe kiɗan shi kaɗai ya yi ta zuba, kamar dama haka aka tsara. Na sauke Tsohuwa na jingine ta, na tsaya bayan lasifika ina yarfe hannu ina addu'a har jini ya fara dawowa. Ban kalli Madugu ba, na zaro sabuwar na rataya na fito.

Dariya ce ta fara tare ni. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Na ji wata a gaba tana tambayar ta kusa da ita ko yanzu ta karye. Na sunkuyar da kai na shiga kiɗa. Yatsuna suka kama, kafaɗata kamar ba komai a kanta, har na tsinci kaina ina takawa kamar zamanin da kike leƙe ta taga. Ana tsakiyar daɗi hannuna ya yi halinsa, ya gangara ya wuce fit ya tashi sama. Na ce shi ke nan na ba da mu. Sai na ji tafi. Wai sun ɗauka salo ne. Sai da na maimaita kuskuren da gangan don su huta.

Da aka tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce shi kafinta ne, in kawo ta ya ƙera mata kai kyauta, kiɗana ya fi ƙarfin a bar ni haka. Wata mata kuma ta nemi lambar ƙungiya, ta ce za su yi taro amma da sharaɗin a zo da mai guntuwar jita. Kin ji. A zaure ɗaya, ɗaya na tausaya min ɗaya na nemana.

Madugu bai yaba ba bai yi faɗa ba. Na juyo zan ɗauki Tsohuwa sai na tarar ya riga ni. Ya ciro hankicinsa ya goge mata wuya da jiki a hankali, ya kwantar da ita a akwatinta, ya rufe, ya miƙo min. Abin da ya ce kawai shi ne kada in makara gwaji.

Abin da ya tsorata ni shi ne ƙaramin yatsana bai dawo ba har yanzu. Da safe na daɗe ina fama da maɓallin riga. Ba zan iya ci gaba da wasa da wannan ba. Gobe zan je wurin Inna. In ta ce kada a taɓa kayan mijinta, magana ta ƙare, sai in san yadda zan yi da raina.

Ki shafa min kan abokin takarata.

Mijinki,
Dogo


Ranar Alhamis

Gimbiyata,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya dukkanku. Inna tana gaishe ku, ta ce a riƙa rufe wa yaro kai, kuma ki daina aiko mata hoto a waya, idonta ba ya gani, mutum take so a kawo mata.

Na je. Na same ta a ɗaki tana tsintar shinkafa a faranti, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi rufin ɗaki, na tambayi famfo, har na fara tambayar kyanwar maƙwabta. Ta ajiye farantin ta ce in faɗi abin da ya kawo ni kafin in tambayi lafiyar ƙofa. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa, ina jiran kuka ko faɗa.

Cewa ta yi, "Wannan jibgegiyar? Har yanzu kana ɗauke da ita?"

Daga nan ta buɗe min abin da ke kin sani ni ban lura ba. Wai kafaɗar Baba ta hagu ta karkace har tela sai ya rage masa hannun riga ɗaya. Wai shekara da shekaru tana gasa masa ita da ruwan zafi, a ƙarshen rayuwarsa ko kofin shayi ba ya iya ɗagawa da hannun. Ta ce ranar da ya miƙa min jitar ta yi murna an raba shi da ita, ba ta san ciwon ne ya sake gida ba. Ta ce in kai ta yau, kada in kwana da ita, in mai shagon ya ƙi karɓa in bar masa a bakin ƙofa in gudu.

Ya kamata in ji sanyi, ko? To haushi na ji. Sai ga ni ina kare Tsohuwa a gaban Inna, ina ce mata ai ita ta ciyar da gidanku, ita ta ciyar da namu, ba a samun irin muryarta. Inna ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "To ɗana, izini ka zo nema ko hani?" Na yi mata sallama na fito. A hanyar dawowa na gane hani na je nema. So nake wani ya ɗaure min hannu don in ce ba ni na zaɓa ba. Ke kin ƙi, Inna ta ƙi, likita dama ya gama nasa.

Ban koma gida na zauna ba, don na san in na zauna ba zan tashi ba. Na ɗauko ta na wuce shago. Mai shagon ya buɗe akwatin, ya duba wuya, ya duba baya inda bel ɗin Baba da nawa suka cinye fentin, ya ɗan taɓa tsirkiya. Hannun wani a kanta, ina tsaye ina kallo. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e da wata murya da ban san ta ba. Ya ƙara min tsirkiyoyi na ajiya, muka yi musabaha, na fito.

Tun daga shagon har gida ina waiwaye, ina jin kamar na manta wani abu a bas. Kafaɗa sakayau, ƙirji kuwa kamar an ɗora dutse. Nauyin bai tafi ba, wuri ya sake.

Jiya a wurin gwaji na gaya wa Madugu. Na shirya wa faɗa. Ya ce na kyauta, da irin muryar da ba ka sanin yabo ne ko zagi. Ya ɗauki hularsa ya ce yau ba gwaji, kowa ya tafi gida. Mai Ganga ya ce yana ganin mun rasa aiki, ko dai ni na rasa. Ban sani ba. In an sallame ni, kin ga na ba da jitar Baba don in kaɗa wa shukokinki kiɗa a baranda.

Ki yi min addu'a. Ki gaishe da mai jego.

Naki,
Dogo


Ranar Lahadi

Gimbiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, in yaron na hannunki ki miƙa wa uwarsa.

Jiya da hantsi ina shan shayi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wani direban tasi yana haki, ya hau matakala da kaya. Ya ce wata tsohuwa ce ta aiko shi, ta ce ya ajiye ya tafi kada ya saurari komai. Ya jingine akwati a bango ya juya. Akwatin Tsohuwa. Na buɗe, tana ciki, an goge ta tana ƙyalli.

Na ɗauka mafarki nake. Na ɗauka mai shago ne ya fasa, na fara neman jakar sabuwar in mayar masa. Sai na tuna an ce tsohuwa, na kira Inna.

Ta ce shekaranjiya Madugu ya zo mata, cikin kayansa na fita kunya, ɗauke da akwatin a kafaɗa. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta, ya ce ba zai iya wucewa ta gaban shago ya ga jitar malaminsa rataye kowa na lallatsawa ba, ya dawo da ita gidanta. Ta ce bai iya ƙarasa maganar ba, sai share fuska yake da hula. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ba shi shayi. Da gari ya waye ta sa aka kira tasi. Ta ce ita ba za ta sake kwana ɗaki ɗaya da abin da ya cinye kafaɗar mijinta ba, in riƙe, amma in ta ji na sake rataya ta a wuya ba ta yafe ba.

Na garzaya shago. Mai shagon ya ce ciniki ya riga ya faɗa, sabuwar tawa ce halak malak, abin da ke tsakaninsa da wanda ya sayi Tsohuwa kuwa ba nawa ba ne. Na matsa, ya ce in yi haƙuri yana da masu saye.

Da yamma aka kira gwaji. Ina tsaye bakin ƙofa sai ga Madugu ya sauko daga bas. Madugu fa, da ba ya zuwa ko shagon aski sai a kan babur ɗinsa. Na tambaye shi ina babur, ya ce yana wurin gyara. Mai Ganga ya kalle ni, na kalle shi. Wataƙila da gaske yana wurin gyaran. Ban sani ba, kuma ba fuskar tambaya.

Na bi shi ciki na fara haɗa kalmomin godiya. Ya katse ni ya ce, "Wace jita? Ni kayan Inna na kai wa Inna. Abin da ta yi da kayanta ba ruwana." Na ce to ai yanzu tana gidana. Ya ce wannan matsalata ce. Sannan ya tafa hannu ya ce, "Ɗauko guntuwar taka mu fara, rana na tafiya." Muka yi gwaji har ƙarshe, bai sake kallon wuyanta ba, sau ɗaya ma na ga yana kaɗa ƙafa.

To ga inda muke. Madugu ya ce ta Inna ce. Inna ta ce tawa ce. Ni na san na bayar da ita da hannuna, kuma ba ni na fanso ta ba, don haka ta Madugu ce. Jita ɗaya, mutum uku, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Na fita neman in rabu da ɗaya in sami ɗaya, na dawo da biyu, ɗaya an hana ni ratayawa, ɗaya ba ta ratayuwa a bango. In wani ya tambaye ni yau ko ya sayi jita marar kai, wallahi ban san abin da zan ce masa ba, sai dai in tambaye shi wa yake da shi a duniya.

Abu ɗaya na tabbatar. Yanzu da nake rubutun nan hannun haguna ne ke danne takardar, kuma ina jin sanyin tebur a ƙarƙashin yatsuna duka biyar, har da ƙaramin.

Saura godiyar mutumin nan. Ban san yadda ake gode wa wanda ya rantse bai yi komai ba. In na sake buɗe baki zai harare ni ya ce na makara gwaji. Amma ke 'yar Baba ce, ke ba zai iya hararar ki ba. Don haka in mai jego ta samu ƙarfi, ki ba angon naki haƙuri ki dawo, mu je gidansa tare. Ke ki yi maganar, ni in tsaya a bayanki in riƙa gyaɗa kai.

Ki gaishe da kowa da kowa. Sai na gan ki a tasha.

Mijinki mai jiran ki,
Dogo